Nonon Halima

Tun da aka fara nuna hotunan jarirai a waya, matan unguwarmu masu ƙuruciya suka gano cewa riƙon yaro lada ne mai arha. Makon jiya biyu daga cikinsu suka shigo gidana a unguwar Umbadda, sun sha turare, suka zauna a bakin angarib, gadonmu na igiya, suka ce in nuna musu ofishin da ake karɓar yaran da aka tsinta. Ɗayar, ko lallen aurenta bai gama fita ba, ta kira ni yadda ake kiran kaka a nan, ta ce, "Haboba, meye abin wahala? Madara ce da wanka da ɗan wasa." Na ce mata haka ne 'yata, shi ya sa kika ga bayana ya lanƙwashe, wasa ne ya yi min yawa. Suka yi dariya suka tafi. To abin da ba su tsaya sun ji ba shi na zauna na rubuta, da ɗan karatun da na samu, don duk mai son shiga wannan wasa.

Sunana Amna. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa za su Makka, tafiya ta ƙare musu a Omdurman ta ƙasar Sudan, mu ke nan har yau. Allah bai ba ni haihuwa ba. Maigidana, Malam Abakar, albasa da tafarnuwa yake sayarwa a kasuwar Suk al-Shabi, kullum sai ya tsallaka gada.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne dafa kwalaben madara. Akwai wata maƙwabciyarmu, Hajja Nafisa, ita ce ta fara karɓar jarirai daga ofis a layinmu, ta riƙe su na ɗan lokaci kafin a samo musu gidan zama na dindindin. Na je na ce ta koya min. Na ɗauka za ta miƙo min jariri in rungume. Sai ta miƙo min murhun gawayi da tukunya da wani ɗan buroshi. Na wanke kwalba na kai mata, ta ɗaga ta sama ta duba, ta shinshina robar bakin, ta ce, "Wannan wanke ta kika yi ko gaisawa kuka yi?" Ta jefa ta cikin tukunya. Na daɗe a kan kwalabe da wankin tsumman kashi kafin ta yarda in taɓa ɗan mutum. A hannunta na koyi taɓa maɗigar jariri in gane ruwan jikinsa ya ƙare, na koyi raba kukan yunwa da na ciwon ciki da na wanda kawai bai yarda da duniya ba. Na koyi cewa ruwan tulu, komai sanyinsa, ba ya shiga cikin jariri sai ya tafasa. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya: murhu, tukunya, kwalba, gidan sauro, da baya mai ƙarfi. Ban ga inda ake sa turare ba.

Ofis kuma ba ya ba ki yaro don fuskarki ta yi kama da ta masu tausayi. Sai lajnar unguwa, wato kwamitinta, ta shaide ki, likita ya duba ƙirjinki, mijinki ya je da ƙafarsa ya ce ya yarda. Sannan a turo bahisa, ma'aikaciyar da ke bin gidajen da aka ba yara. Tamu Ustaza Samya ce sunanta. Ranar da za ta fara zuwa na share falo na shimfiɗa sabon zanin gado. Ko kallon falon ba ta yi ba. Ta wuce banɗaki, ta leƙa cikin tulu, ta buɗe tukunyar miya, ta fita ta tambayi maƙwabta ko ana jin faɗa a gidan. Maƙwabtan da ba su taɓa aron gishiri a wurina ba duk ranar suka zama masana halina.

Sai masu zuwa ɗauka. Za ki karɓi jariri kamar ɓera, ki yi ta fama har kumatu su fito, rannan sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Akwai mutanen kirki a cikinsu, da yawa ma. Akwai kuma masu juya yaro kamar tumatir a kasuwa. Wata ta taɓa tambayata ko akwai mai ɗan haske, mai gashi mai laushi. Na ce ta dawo bayan Sallah, muna jiran sabon kaya. Ta ce to, Allah ya kai mu. In sun zaɓa, ke za ki haɗa kayan yaron, ki faɗa musu wane gefe yake so a kwantar da shi, ki riƙe ƙofar mota, ki dawo ki dafa kwalaben wanda zai biyo baya. Wadda ba za ta iya wannan ba ta riƙe kyanwa.

Ihlas ta zo min a naɗe cikin guntun tsohon tob, lulluɓin matan nan, an tsince ta a bayan wata tashar mota. Jikinta duk ƙuraje, muryarta kuma ta fi ƙarfin jikin. Babu wanda ya san ranar haihuwarta, likita ne ya duba ya ce a ɗauka cikin azumi ne. Masu mota suka zo suka duba suka tafi, suka sake zuwa suka tafi. Wata rana Malam Abakar yana cin abinci, tana riƙe da babban yatsan ƙafarsa, ya ce, "Wannan kam a daina nuna ta." Iyakar jawabinsa ke nan. Muka koma ofis muka ce mun ɗauke ta kafala, riƙo na har abada.

A nan ne kuke buƙatar buɗe kunne. Yaron riƙo ba ya zama ɗanki don kin so shi. Ba ya ɗaukar sunan mijinki. In namiji ne, ranar da ya balaga ke za ki rufe kai a gabansa kamar baƙo. In mace ce, mijinki ne zai zama mata baƙon namiji a cikin gidan da ta yi rarrafe. Ƙofar da addini ya bari ita ce nono: a samu 'yar'uwa mai shayarwa ta ba yaron ya sha ya ƙoshi, ba sau ɗaya ba, kafin ya cika shekara biyu. Na ga Hajja Nafisa ta yi haka. Da ta ɗauki wani yaro nata na dindindin, ƙanwarta ta kai wa ta shayar da shi. Lokacin da Ihlas ta zo Hajja ta riga ta koma garin Gadarif wajen danginta, ni kuma na ga ai na zama gwana, me zan tambaya? Na saɓi yarinya na kai wa ƙanwata Mariya, tana goyo. Mariya ta shayar da ita. Har zalabiya muka soya, aka sha shayi, aka yi mana barka. Babu wadda ta tsaya ta tuna cewa na Hajja Nafisa namiji ne, tawa mace.

Fiye da shekara muna zaune cikin wannan jin daɗi. Sai ƙanwar maigidana, Halima, ta haihu a unguwar Dar Salam, muka je suna. Ni da Halima tun ranar da aka kawo ni gidan yayanta ba mu taɓa yarda a kan ko yawan gishirin miya ba. Tana zaune a kan gado, mata cike da ɗaki, ta hango ni da Ihlas a baya.

"Matar Yaya, ashe kin zo da 'yar gwamnati."

"Da 'yata na zo."

"'Yarki? To madalla. Shi Yaya fa, 'yarsa ce?"

Na ce Mariya ta shayar da ita, kowa ya shaida.

Halima ta gyara zama, irin na wadda ta daɗe tana ajiyar magana. "Mariya ƙanwarki ce, ba ƙanwarsa ba. An haɗa yarinya da ke, ke da dama mace ce, babu abin da ya raba ku. Shi Yaya me ya haɗa su? Albasa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Wallahi gaskiyar mai jego." Na sha shayina har ƙasa don kada a ce na gudu, sannan na gudu.

Washegari Malam Abakar ya tambayi limamin masallacinmu. Liman ya ce haka ne: namiji a kai shi dangin mata, mace a kai ta dangin miji. Ya ce tunda har yanzu yarinyar tana shan madara kuma ba ta cika shekara biyu ba, ƙofa ba ta rufe ba, amma a hanzarta. Saura 'yan watanni azumi ya zo, lokacin da za ta cika biyun. A duk dangin maigidana, kusa da nesa, mace ɗaya ce tak ke shayarwa. Kun san ko wace ce.

Malam Abakar ba mai wasa da hukunci ba ne. Ya zaunar da ni ya ce, "Amna, ba zan rene ta ba sannan ranar da ta girma in ce ta sa mayafi kafin ta kawo min ruwa. Ba zan bar mutanen unguwa su riƙa lissafin lokacin da kika fita kika bar mu mu biyu ba. In nonon bai samu ba, a ba wasu ita tun tana iya mantawa da mu." Na faɗa wa Ustaza Samya. Ta ce akwai wasu mutane a Khartum, matar tana goyo, sun ce za su karɓa. Ta ce za ta ja musu rai zuwa farkon azumi, daga nan ba ta da abin cewa.

Na sayi sukari da ganyen shayi, na hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa Dar Salam. In kuna son sanin abin da ake buƙata kafin a zama uwar riƙo, ga shi: ki iya durƙusawa a gaban wadda ta yi miki dariya cikin taro. Halima ta karɓi sukarin tukuna, ta ajiye can ƙarƙashin gado, sannan ta ce a'a.

"In na shayar da ita ta zama 'yar'uwar 'ya'yana. Gobe a zo neman auren 'yata a ce wace ce wannan, in ce me? In ce daga tasha?"

"Ki ce 'yar yayanki ce."

"Ƙarya kike so in yi, ina jego? Kuma nonon ba nawa ba ne ni kaɗai, sai Idris ya yarda."

Idris mijinta ne. Yana can arewa wajen haƙar zinare, a wurin da waya ba ta shiga sai mutum ya hau dutse, shi kuma ba a san shi da son hawa ba. Na dawo ba nono ba sukari.

Shekarar ita ce muke kira mummunar shekara a gidanmu. Ruwa ya sauko kamar an yi masa laifi. Gidajen Dar Salam na ƙasa ne, suka fara narkewa ɗaya bayan ɗaya. Bangon ɗakin Halima ya kwanta, Allah ya sa suna waje. Sai ga ta a ƙofarmu da 'ya'ya uku da katifa a ka da jaririnta Mus'ab a baya. Har sukarina ta zo da shi, ya jiƙe. Na ba ta ɗakina. Na ce a raina yanzu kam kunya za ta yi aiki. Ina! Tana cin kisrata, wainar dawa ta nan, tana cewa ta yi kauri. In Ihlas ta matso kusa tana shayar da Mus'ab, sai ta ja mayafi ta rufe ƙirji kamar 'yan kwastan sun shigo kasuwa. Ga nono a cikin gidana safe da yamma, ga yarinya, tsakaninsu taku biyu, kwanaki kuma suna tafiya. Maigidana ya ce ba zai tilasta wa ƙanwarsa ba tana cikin hali. Ustaza Samya ta zo ta duba, ta tambaye ni ko in fara haɗa kayan yarinyar a hankali. Na haɗa rabi.

Bayan ruwa sai gudawa ta shigo unguwa, kamar yadda ta saba. Ta kama Mus'ab. Muka kai shi asibiti aka sa masa ruwa, aka sallamo mu don gado ya yi kaɗan. Ya dawo kamar tsumma, ko bakinsa ba ya iya kamawa. Na zauna ina ɗiga masa ruwan gishiri da sukari da ƙaramin cokali, ina taɓa maɗigarsa. Shi yana samun sauƙi a hankali, uwarsa kuma ta shiga nata. Nonon da ba a sha ba ya taru, ƙirjinta ya yi tauri kamar dutsen niƙa, zazzaɓi ya rufe ta. Na gasa mata da ruwan zafi, na tatsa da hannu na ba yaron a cokali, amma abin da ke fita bai kai abin da ke taruwa ba. Tana ihu tana zagina wai da gangan nake matsawa.

Na ce mata, "Halima, hannu ba ya yin aikin baki. In ba a samu mai ja ba, ko ya yi ƙurji a tsaga ki, ko ya ƙafe. Ranar da Mus'ab ya samu ƙarfi ya nema bai samu ba, sai madarar gwangwani, a wannan ruwan da kike gani." Gaskiya na faɗa mata, duk mai wannan sana'a ta san haka. Amma ba zan ce ban san inda gaskiyar za ta kai mu ba, kuma ba zan ce raina bai yi fari ba alhali ɗan mutane yana kwance. Allah ya yafe min wannan.

Tana ta nishi. Ihlas tana tsakar gida tana dukan kwano da ludayi. Halima ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Kawo min abar nan."

"Wace aba?"

"Matar Yaya, kada ki sa in tashi."

"Idris fa? Ba mu ji daga gare shi ba."

"In ya dawo yana da magana, ya fara gina min bango."

Kafin in ɗauko yarinya na leƙa ta katanga na kira maƙwabtana Hajja Batul da Ummu Salama, na ce su zo shan gahawa yanzu-yanzu. Shayarwar da ba shaidu, gobe ana iya cewa mafarki kika yi, musamman in mai nonon Halima ce. Suka shigo da tob a karkace. Halima ta ce, "Au, har 'yan kallo kika tara min? Ki sayar da tikiti mana." Hajja Batul ta ce, "Ke dai buɗe, ba yau muka fara gani ba."

To sai Ihlas ta ce ba ta san zancen ba. Yarinyar da ta tashi da kwalba, an kawo ta gaban matar da kullum ke korarta. Ta kalli abin, ta kalle ni, ta tsala ihu. Muka lallaɓa, ta kau da kai. Muka matsa, ta kafa haƙora. Halima ta yi ƙara har awakin maƙwabta suka amsa. "Kun gani ko! Na faɗa muku ba a san asalinta ba!" Ummu Salama ta ce, "Asalinta ya fito yanzu, wannan cizon na gidanku ne." Ni dai gumi nake yi. Wata da watanni ina neman wannan ƙofa, an buɗe, mai shiga ta ƙi.

Hajja Batul ce ta ce a kawo dabino. Na jiƙa shi ya yi laushi, na murje, aka shafa a kan nonon. Na zaunar da Ihlas a cinyata, bayanta a ƙirjina yadda na saba ba ta kwalba, muka matsa jikin Halima mu biyu kamar za mu hau mota ɗaya. Ta lasa. Ta sake lasa. Sai ta kama. Ba ka jin komai a ɗakin sai haɗiyarta. Kafaɗun Halima suka sauko, ta lumshe ido ta ce, "Alhamdulillahi. Ja, 'yar banza, ja." Ta sha har ta saki da kanta, barci ya ɗauke ta a wurin. Gahawar da na kira mutane sha ta ƙone a kan murhu.

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, shaiduna suna zuwa suna cinye min dabino, har Mus'ab ya samu ƙarfin karɓar kayansa. Ya samu nono bai ƙafe ba. Malam Abakar ya kai matan biyu gaban liman suka faɗi abin da suka gani. Liman ya ce yarinya ta zama 'yar Halima, shi kuma ya zama kawunta, babu mayafi tsakaninsu har abada. Saura kwana kaɗan a ga watan azumi. Ustaza Samya ta sanar da mutanen Khartum, ni kuma na kwance rabin kayan da na ɗaure. Idris ya dawo bayan Sallah ba zinare, ya tarar ya ƙaru da 'ya. Ya naɗe hannun riga, bango yana jiransa.

Ga ladan sana'ar, ga masu tambaya. Ni na yi jinyar ƙuraje, ni na yi ƙyanda da haƙori da kai wa makaranta da zaman jiran sakamako. Halima ta ba da nono na 'yan kwanaki don ƙirjinta na ciwo. A shari'a ita ce uwa. Ni matar kawu ce.

Bara aka zo neman auren Ihlas. Mun faɗa wa mutanen komai tun farko, ita ma ta daɗe da sani, suka ce sun ji sun gani. Ranar da matansu suka zo gaisuwa, babbarsu ta duba mu ta ce, "To wace ce uwar yarinya a cikinku?" Halima, da ko haƙoran gaba ba ta da su yanzu, ta riga ni ɗaga hannu.

"Ni na shayar da ita. Har tabon cizonta ina da shi, in kuna son gani."

Suka ce a'a, sun yarda. Matar ta juyo gare ni. "Ke fa, Hajja?"

"Ni matar kawunta ce," na ce, na ci gaba da zuba musu gahawa.

Sai muryar Ihlas ta fito daga cikin ɗaki, tana shiri, a ruɗe. "Mama! Ina ɗan kunnena ɗaya?"

Mu biyu muka amsa. Ni ce na san inda yake.